Tambaya da Amsa: Yaya Zan Shirya Katan-katan a Kwantena Ba Tare da Asara Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, kuma ina shirin fitar da man kaɗanya da busasshen zoɓo, duka a katan, ta tashar Apapa. Kuɗin haya ya yi tsada ƙwarai, hankalina ya tashi kada in biya kuɗin wurin da babu kaya. Masu lodi sun ce in bar musu kawai, za su cusa har ƙofa ta rufu. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a ɗaga katan ko ɗaya, a zauna da takarda da biro. Cikin kwantena mai ƙafa 20 tsawonsa kusan mita 5.9 ne, faɗinsa 2.35, tsayinsa 2.39. Idan katan ɗinka santimita 60 da 40 da 40 ne, aka jera su duka fuska ɗaya, kowane hawa zai ci 45, hawa biyar ya ba ka 225. Amma idan aka kwantar da uku a faɗin ta gefen 60, aka cike ragowar da layi guda ta gefen 40, hawa ɗaya zai ci 51, wato 255 gaba ɗaya. Katan talatin ke nan ka samu daga juya su kawai. A ɗora kusurwa kan kusurwa, domin ƙarfin kwali yana kusurwoyinsa, a toshe giɓi da jakar iska ko kwali, sannan a rataya maganin tsotse danshi, saboda rufin kwantena yana gumi a teku ya ɗigo kan kaya.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar masu lodin nan, wadda nake ji kullum tsakanin tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can: wai in dai ƙofa ta rufu, lodi ya yi. Wannan magana tana kashe mutane. Kwantena tana da iyakar nauyi, kuma an rubuta ta a jikin ƙofa. A yawancinsu kilo 30,480 ne har da nauyin ƙarfenta, kuma galibi adadin ɗaya ne ga mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40. Wanda ya ce maka babbar tana ɗaukar ninkin nauyin ƙaramar bai san aikin ba. Wuri ta fi ta da shi.

Sai rabon nauyin. Ɗabi'ar masu lodi ita ce su fara da masu nauyi, su tara man kaɗanya can ƙurya, su ƙarasa da zoɓo a bakin ƙofa, domin haka ya fi musu sauƙi. Ƙa'idar duniya ta lodin kwantena ta shekarar 2014 ta nuna kada rabin tsawon kwantena ya ɗauki fiye da kashi 60 cikin ɗari na nauyin kayan. Idan aka saɓa, tana karkacewa lokacin da injin ɗaga kaya ya ɗauke ta, kuma tirela na iya kifewa a kwana ko kan gada. Duk mazaunin Legas ya san abin da faɗuwar kwantena ke yi wa motar fasinja. A Janairun 2023 mutum tara suka rasu da kwantena ta faɗa kan motar fasinja a Ojuelegba. Ba kowane haɗari ne laifin lodi ba, amma lodin da ya rinjaya gefe guda yana ƙara masa hanya. Saboda haka man kaɗanya ya shimfiɗu a ƙasa daga ƙurya har ƙofa, zoɓo ya hau sama, da katako ko kwali mai kauri a tsakani, don maiƙo ba ya jimirin zafi.

Kada kuma ka yarda da ejan da zai ce a rage nauyi a takarda. Tun 1 ga Yulin 2016 dokar SOLAS, wato yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, ta hana ɗora kwantena a jirgi sai da tabbataccen nauyinta, kuma sunan mai kaya ne a kan takardar, ba na ejan ba. Da wannan adadin ake tsara inda za a ajiye ta a jirgi, ƙaryar mutum ɗaya tana iya rushe jerin kwantenoni guda.

Ka tsaya da kanka ranar lodi, Alhaji. Layin ƙarshe a ɗaure shi da bel ko a tokare shi da katako, domin kada kaya su rikito kan jami'in kwastan ko lebura idan an buɗe ƙofa. Ka ɗauki hoton kowane layi, da lambar hatimin bayan an kulle.