Darbejiyar maƙwabcina ta tare mini rana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a ba ni shawara. Ni mazaunin Hotoro ne a Kano, bara na tattara ɗan abin da nake da shi na kafa sola fanel huɗu a saman ɗaki saboda firizar da uwargida take sana'ar ƙanƙara da zoɓo. To maƙwabcina ta yamma wani dattijo ne, yana da wata ƙatuwar darbejiya a tsakar gidansa, da an yi azahar shikenan inuwa ta rufe fanel biyu, batir baya cika, ga rassa biyu sun tsallako katanga ganye duk ya toshe indararo, ɗakin yara kuwa sai an kunna fitila da rana tsaka. Sau biyu ina masa magana yana cewa mahaifinsa ne ya dasa ta tun ba a haife ni ba. Abokai sun ce kawai in kira mai injin yanka a sare. Ina da wannan haƙƙin?
Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka fara ajiye maganar abokan nan tukuna, ranar da aka kira ka ofishin 'yan sanda ba za ka ga ko ɗayansu ba.

Matsalarka biyu ce ka haɗe su wuri ɗaya, akwai reshen da ya shigo gidanka, akwai kuma inuwa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Reshen da ya tsallako katanga kana da bakin magana a kansa sosai, a dokar Ingila da kotunanmu suka gada an yarda mutum ya datse reshe daidai kan iyakarsa, amma fa banda shiga gidan mutum ko hawa bishiyarsa ba izini, banda yankan da zai kashe ta, kuma itacen da aka yanko nasa ne sai ka miƙa masa. A shari'a ma asalin maganar hadisin nan ne na ba cuta ba cutarwa.

Inuwar ce mai wuya, kuma na san ba haka ka so ji ba. A Muhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalanmu na Malikiyya suke hukunci da shi, an ce ana sare abin da ya cutar da katanga na bishiya in bayan katangar ta tsiro, in kuwa ta riga katangar to malamai sun rabu gida biyu. Kaga kenan maganar Baba ta cewa mahaifinsa ya dasa ba zancen banza ba ne. Sannan a wurin dai aka ce ba a hana mutum abin da ya tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska, sai in masussuka ce, don mai sheƙe hatsi da iska yake cin abinci. Wani zai ce ai sola ma masussukar wannan zamanin ce tunda da ita uwargida take sana'a, ni ma a raina haka nake gani, amma wannan sai abin da alƙali ya gani, kuma lauyan Baba zai ce bishiyar tana nan ka zo ka kafa fanel a ƙarƙashinta.

Ko a Turai ba da sauƙi ake cin wannan shari'ar ba. Ingila sai 2003 suka yi dokar shingen bishiyoyi da ya wuce mita 2, ita ma ba ta shafi bishiya guda ɗaya ba. A Faransa bishiyar da za ta wuce mita 2 dole a dasa ta mita 2 daga iyaka, amma duk da haka ba ka da ikon yanke reshen da hannunka sai dai a tilasta mai ita.

In ni ne kai, mai haɗa solar zan fara kira, domin fanel ɗin da aka jona su a jere a kan waya ɗaya in inuwa ta taɓa guda sai ta ja sauran ƙasa, wani lokacin matsar da biyun nan gabas kaɗai ya isa. Sannan kar ka koma wajen Baba kai kaɗai karo na uku, ka ɗauki limamin masallacinku ko mai unguwa, kuma kalmar sarewa kar ta fito daga bakinka, ka ce rage mata kai za a yi, kuɗin mai yanka daga aljihunka, itacen a kai masa har ƙofar kicin, darbejiya ai kafin damina ta fita ta sake tohowa. Ka tafi da hoton indararon da ya toshe a wayarka. In ya ƙi sai Hisba ko kotu a kan rassan nan biyu. Zuba gishiri ko baƙin mai a gindinta da dare kuwa, kamar yadda wasu ke yi, ɓarna ce da za ta iya kai ka gaban alƙali kai ne wanda ake ƙara.