Kwarmi ko Tudu? Likita Ya Amsa

Tambaya: Likita, na sayi tabarau a kasuwa. Yaya zan gane na karatu ne ko na hangen nesa?

Amsa: Ɗora shi a kan rubutu ka ɗan ɗaga. In haruffa sun ƙara girma, mai tudu ne, tsakiyarsa ta fi gefe kauri, irin wanda ake fara nema bayan shekara 40. In sun ƙanƙance, mai kwarmi ne, na wanda nesa ke yi wa dishi-dishi. Ka dai je a auna idon.

Tambaya: Farcena ya lotsa a tsakiya, har ɗigon ruwa yana zama a kai.

Amsa: Yawanci ƙarancin jini ne, Hajiya. Je ki a gwada.

Tambaya: Ɗana mai wata 7 yana gudawa, maɗigarsa ta faɗa. Kakarsa ta kwaɓa magani ta liƙa masa a kai.

Amsa: Wannan ita ce ta tayar mini da hankali. Baiwar Allah, ɗauki cokali ki duba: cikinsa kwarmi, bayansa tudu. Maɗigar lafiyayyen jariri ba wannan ba ce, ba wancan ba. Shafe take, tana ɗan harbawa. Ki duba ta yana zaune, ba ya kuka, domin kuka kan tasar da ita.

In ta yi kwarmi, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Gudawar ce ta jawo faɗawar, ba faɗawar ce ta kawo gudawa ba. To, abin da aka liƙa a fatar kai, ta ina zai mayar da ruwan? Haba jama'a! Sai ma ya rufe mana wurin da muke dubawa. Ki ba Kaka haƙuri, ki wanke shi. Ci gaba da ba shi nono, ki haɗa ƙunshin ruwan gishiri da sukari a lita 1 ta ruwa mai tsabta, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ki kai shi asibiti yau. In idanunsa sun zurma, ko fitsari ya ɗauke, ko ya kasa tsotso, kada ki jira mijinki ya dawo daga kasuwa.

In kuwa tudu ta yi, ta yi tauri, ga zazzaɓi, muna tsoron sanƙarau ne, musamman da bazara. Jariri ba lallai wuyansa ya sanƙare ba. Wannan ko da tsakar dare ne, asibiti.