Kawu Ya Ce Gani Ya Kori Ji: Shin Bidiyo Hujja Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Kaduna, kuma ni ke kula da zauren WhatsApp na danginmu. Makon jiya kawunmu ya turo bidiyon gawarwaki a gefen hanya, an rubuta a ƙasa cewa a hanyar garinmu ne, jiya abin ya faru. Nan take ƙannena suka fara zancen ramuwa. Da na ce a dakata a bincika, sai kawu ya ce gani ya kori ji, ko idonsa nake ƙaryatawa? Na saka shi a Google Lens, manhajar neman inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, ban samu komai ba, kuma bai yi kama da wanda aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira (AI) ba. Hankalina a tashe yake. Rashin samun komai yana nufin gaskiya ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika ce a dakata. A'a, ba ya nufin haka. Google Lens abin da ke fili a intanet kaɗai yake gani, ba ya leƙa zaurukan WhatsApp. Idan kuma an yanke gefen bidiyo, ko an juya shi dama ta koma hagu, ko ya dusashe saboda yawan turawa, sai ya kasa gane shi. Ki ɗauki hoton allo daga wurare huɗu ko biyar a cikinsa, ki gwada kowanne a Lens da TinEye, wani shafin neman hoto irinsa. Wannan kin riga kin san hanyarsa.

Maganar kawu ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji ta, daga bakin masu digiri da waɗanda ba su je boko ba. Ki tambayi kanki, me kawu ya gani? Ya ga gawarwaki a gefen wata hanya. Shi ke nan. Sunan garin bai gani ba. Ranar da abin ya faru bai gani ba. Wanda ya yi kisan bai gani ba. Waɗannan ukun, waɗanda su ne suka tunzura ƙannenki, babu wanda ya gani a bidiyon, garin da ranar ma karanta su ya yi a rubutun da ke ƙasan bidiyon, rubutun da bai san wanda ya yi shi ba. Wato ji ne ya sa rigar gani ya shigo gidanku. Karin maganar nan an yi ta ne don mutumin da ya taka ƙafarsa ya je wurin, ya dawo ya ba da labari. Mai riƙe da waya a ɗakinsa bai je ko'ina ba.

Kin ce bai yi kama da na AI ba, kuma na yarda da ke. Mai yiwuwa bidiyon na gaske ne. Nan ne ma haɗarin yake. A aikina, abin da ya fi yi mana ɓarna shi ne hoto na gaske da aka ɗora wa labarin ƙarya, don babu alamar dabara a jikinsa da ido zai kama.

A ranar 23 ga Yunin 2018 wasu hotuna masu tayar da hankali suka bazu a Facebook, ana cewa daga gundumar Gashish ne a jihar Filato. An yi kashe-kashe na gaske a yankin a wannan ƙarshen mako, ba a musun haka. Amma binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa hoton jaririn da aka yi ta yaɗawa ya riga ya fito watanni kafin nan, kuma bidiyon mutumin da aka sara a kai ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, a Kongo Brazabil ne tun 2012. Washegari, 24 ga wata, aka tare hanya aka fito da mutum 11 daga motocinsu aka kashe. 'Yan sandan jihar da kansu sun ce hotunan sun taimaka wajen hura wutar ramuwar. Duk wanda ya tura hotunan nan a daren, da ka tambaye shi, zai rantse cewa ya gani da idonsa.

Ba kullum ne ma ake yi da mugun nufi ba. A 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, wasu hotunan 'yan mata da duniya ta yi ta yaɗawa da sunansu, ashe wata mai ɗaukar hoto Ba'amurkiya, Ami Vitale, ce ta ɗauke su a Gini Bisau shekaru kafin nan. Masu turawa tausayi ne ya sa su, amma fuskar 'yar wasu ce aka liƙa wa musibar da ba tata ba. Haka a 2018, lokacin raɗe-raɗin cewa wani Jibrilu daga Sudan ne ke zaune a kujerar Buhari, cikin "hujjojin" har da hotonsa yana rubutu da hannun hagu, alhali juya hoton kawai aka yi. Sai da Buhari ya fito a ƙasar Folan a watan Disamba ya ce shi ne dai da kansa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne gwanayen dare ɗaya da suka cika gari, masu koya wa mutane cewa ƙirga yatsu shi ne bincike: in yatsu biyar ne gaskiya ne, in shida ne AI ne. Wannan ya yi amfani a zamanin hoton bogi da aka haɗa da AI na Fafaroma Francis cikin farar rigar sanyi a Maris ɗin 2023, amma na'urorin sun wuce nan. Illar wannan koyarwa biyu ce. Tana sa mutum ya amince da duk tsohon bidiyon da yatsunsa suka cika, sannan tana ba mai laifin da aka kama a bidiyo na gaske ƙofar tsira, ya ce ai haɗawa aka yi. Su ma hukumomi suna da nasu kason. Sai abu ya kwana biyu yana yawo kafin a fitar da sanarwa, ita ma layi uku cewa jama'a su yi watsi da jita-jita, ba a faɗi abin da ya faru ba, ba a faɗi abin da bai faru ba. Wanda ɗansa ke kan hanya ba zai yi watsi da komai ba.

Ki sake kallon bidiyon, amma ki kawar da idonki daga gawarwakin. Na san da wuya. Ki duba bayansu. Lambar motar Najeriya tana ɗauke da sunan jiha a sama. A wane hannu motoci ke tafiya? Mu dama muke bi tun 1972, Kenya da Uganda hagu. Allon shago da Turanci yake ko Faransanci? Kakin jami'an tsaro irin namu ne? In an ce jiya ne kuma muna tsakiyar rani, me ya kawo korayen ciyawa da laka? Ki saurari muryoyin da ke nesa, ki ji ko Hausar garinku ce, amma kada ki dogara da muryar mai bayani, ɗora ta a kan bidiyo aikin minti biyu ne.

Shi kuma rubutun, ki karanta shi kamar yadda kike duba aikin ɗalibi. "Jiya" ba kwanan wata ba ce, shekara goma saƙo zai yi yana yawo jiyarsa ba ta tsufa ba. "Wani jami'i ya tabbatar" ba suna ba ne. Idan aka ƙara da cewa gidajen jarida sun ɓoye, ko aka haɗa ki da Allah ki tura, to ana son ki yi sauri ne kafin ki yi tunani. Da irin wannan gaggawa aka tashi mutane da asuba a Agustan 2014 su sha ruwan gishiri su yi wanka da shi don tsoron Ebola, har aka rasa rayuka.

Mu da muka gāji ilimin isnadi bai kamata a ce wannan ya gagare mu ba. Malaman hadisi ba sa karɓar magana don ta yi daɗin ji, sai sun san wa ya ji daga wa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike don kada mu cutar da wasu mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama, kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Danna tura faɗi ne. Ki duba saman saƙon: in akwai kibiya biyu, WhatsApp na gaya miki ya ratsa hannu biyar ko fiye kafin ya iso. Kuma ko da bidiyon ya tabbata a garinku ne, bai nuna wanda ya yi ba, balle ya halatta jinin matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kada ki ƙalubalanci kawu a gaban yara. Ki kira shi ke kaɗai, ki gaishe shi, ki ce: Kawu, don Allah wa ya turo maka, in tambaye shi? Yawanci a mutum na biyu ko na uku igiyar ke tsinkewa, kuma shi da kansa zai ga haka. Sannan ki kira mutum biyu a garin waɗanda ba gida ɗaya suke ba, direban tasha da ma'aikacin asibiti sun fi kowa saurin sani. Kada ki ce musu kun ji an yi kaza? Ki ce me kuka gani a hanya makon jiya? Kafin amsa ta zo, ki rufe zauren ya zama masu kula kaɗai ke iya turo saƙo, ki kuma kira ƙannen naki ɗaya bayan ɗaya a daren nan.