Amsa ga ƙanwarmu ta Marwa kan rubuta damuwa a littafi

Assalamu alaikum jama'ar gida, ina wuninku? Ƙanwata ta Marwa, na saurari saƙonki. Kin ce tunda kuka saɓa da yayarki kan kuɗin adashi kike rubuta abin a littafi kowane dare, amma ranki sai ƙara ɓaci yake yi.

To ai dole. In kullum "ta yi mini, ta ce mini" kike rubutawa, ƙara kike kaiwa, ke ce mai ƙara, ke ce alƙali. Rubutun ba shi da laifi, wajen da kike tsayawa ne bai canza ba.

Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker. A wani binciken da aka wallafa a 1986, ya sa ɗalibai suka riƙa rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti 15 a rana, kwana 4 a jere, sai zuwansu asibiti ya ragu a watannin da suka biyo baya. Da aka koma nazarin irin waɗannan rubuce-rubuce, an ga waɗanda suka fi amfana su ne masu sauya baki, yau "ni", gobe "ita" ko "su".

Ki gwada haka. Daren farko ki zube komai, kar ki gyara. Na biyu ki ba da labarin da sunanki, kamar na maƙwabciya: "Wance ta je gidan yayarta, ta tarar…" Na uku shi ne mai ɗaci, kuma wallahi shi na fi so ki yi: ki rubuta da bakin yayarki. Me ya matse ta a watan nan? Kuɗin makarantar yara ne, ko ciwo ne a gida? Ban ce tana da gaskiya ba fa, kin gane? So nake ki raba abin da idonki ya gani da abin da zuciya ta ƙara. Sannan ki rufe littafin mako guda kafin ki karanta.

Harshe kuwa, wanda kike magana da shi in kin yi fushi. Hausa, Fulatanci, Faransanci, ko ajami in shi hannunki ya saba, babu malamin da zai duba. Sai dai ki adana littafin inda yara ba sa kaiwa, kar kuma ki ɗauki hoton shafin ki turo mana nan.