Kada ka kwaso Maven Central gaba ɗaya, rumbu kake buƙata

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Malam, na ga tambayarka tun jiya: ku shida ne a ofis ɗaya nan Yamai, kowa na sauke laburare iri ɗaya, wato guntayen manhaja da ake haɗawa cikin aiki, na Maven (na Java) da npm (na JavaScript) a kwamfutarsa, forfe na ƙarewa tun wata bai raba ba, kana son sanin ko za ka iya kwafo ma'ajiyar waje irin Maven Central, inda ake ɗauko su, dukanta ka aje a sabar ofis.

Wannan tunanin ka bar shi. Ko kana da faifan da zai ɗauka, reson da muke da shi ba zai kawo maka ita ba, kuma abin da aikinku ke taɓawa a ciki bai taka kara ya karya ba. Furoksi mai ajiya za ka kafa. Mutum na farko da ya nemi kaya, saba ta fita ta ɗauko, ta ba shi, ta riƙe kwafi. Sauran biyar daga cikin gida za su ɗiba, ko da intanet ta yanke.

Mu Nexus Repository, manhajar da ke wannan aikin, muka sa, a kan wata tsohuwar kwamfuta mai RAM giga 8, kuma kada ka yi ƙasa da haka, don a kan Java yake gudana. Yana buɗewa a tashar 8081. Ma'ajiya iri uku gare shi: ta furoksi mai kallon waje, ta gida inda kuke zuba naku, sai ta haɗaka da ke tattara su a adireshi guda. Na Maven ma a shirye za ka tarar, maven-public sunansa. Ka shiga fayil ɗin settings.xml cikin .m2, jakar Maven ta kowace kwamfuta, ka sa shi a matsayin madubi, mirrorOf ka ba shi alamar tauraro. Na npm layi ɗaya ne a .npmrc, na pip (mai sauke kayan Python) kuma index-url, ka tuna adireshin ya ƙare da /simple. In npm kaɗai kuke yi, Verdaccio, ƙaramin furoksi na npm, ya ishe ku, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Kafawar ba ta cin yini. Inda mutane ke shan wuya shi ne agogunan ajiya, kuma uku ne. Na farko, tsawon lokacin da saba za ta amince da kayan da ta riga ta ɗauko. Sigar da aka saki a Maven Central ba ta canzawa, don haka -1 ake bari, wato kada ta sake tambaya har abada. Na biyu na jerin sigogi ne, yana zuwa da minti 1440, kwana guda ke nan. Na uku shi ne mugun: ajiyar "babu". In saba ta tambayi waje aka ce babu, sai ta haddace amsar, ita ma minti 1440.

Wannan na ukun ya taɓa cinye mana la'asar guda cikin zafin Afrilu. Wani ƙanenmu a ofis ya ji an saki gyaran wata laburare, ya yi gaggawar canza lambar siga kafin kayan su iso ma'ajiyar waje. Aka ce babu. Bayan awa biyu ga kayan nan a burauza muna gani ƙuru-ƙuru, Maven kuwa ya kafe. Muka zagi reso, muka kashe ruta muka kunna har sau uku. Ashe ƙofa biyu ce a rufe: Nexus ya riƙe "babu" ɗinsa, shi ma Maven ya aje wani ɗan fayil mai ƙarewa da .lastUpdated a cikin .m2 na yaron. Sai da na danna Invalidate cache a shafin ma'ajiyar, shi kuma ya ƙara -U a umarninsa, sannan abu ya wuce. Tun ranar na mayar da agogon nan minti 30.

Akwai kuma toshewa ta kai tsaye: in waje bai amsa ba, Nexus kan dakatar da fita, ya ci gaba da ba da abin da ke rumbu. A ƙasar da ba ta da teku, wadda intanet ɗinta ta maƙwabta take biyowa, wannan ka bar shi a kunne.

Docker kuwa, mai naɗe manhaja da duk kayanta a ƙunshi guda, nasa daban. Tun Nuwamba 2020 Docker Hub, ma'ajiyarsa ta waje, ya sa iyaka ga yawan saukewa, kuma waɗanda ba su shiga da asusu ba da adireshin IP ake lissafa musu, ku shida kuwa ɗaya kuke fita da shi. Furoksi na rage wannan sosai, amma Docker na son HTTPS, in babu sai ka rubuta sabar cikin insecure-registries a daemon.json.

Abu biyu kada ka yi wasa da su. A haɗaka, ma'ajiyar gida ta riga ta waje a jeri, sunayen kayanku kuma ka hana a neme su waje da dokar hanya (routing rule) ta Nexus. A Fabrairu 2021 wani mai binciken tsaron kwamfuta, Alex Birsan, ya nuna yadda ya shiga manyan kamfanoni irin su Apple da Microsoft ta hanyar wallafa kaya masu sunan nasu na cikin gida a ma'ajiyar jama'a. Na biyu faifai: ƙunsoshin Docker (images) na cika shi ba ka ankara ba. Dokar shara (cleanup policy), mai goge tsofaffin kaya, kaɗai ba ta mayar maka da fili, sai ka tsara aikin matse ma'ajiyar, Compact blob store, ya riƙa gudana da dare.

Sannan don Allah ka sa wa sabar ondila, wato batirin riƙe wuta (UPS). Ɗaukewar wuta tana tsakiyar rubutu na iya lalata rumbun bayananta, mu sau ɗaya ya same mu, kwafin (backup) makon da ya gabata ne ya cece mu. In ka kafa, ka fara gina manyan ayyukanku duka da dare sau ɗaya don rumbu ya cika, ka turo mana settings.xml ɗinka nan, bayan ka goge kalmar sirri, mu duba tare.