Yadda muke cin alayyahu a Legas

Malam, ka yi tambaya daga Kano ko da gaske ne mu Hausawan Agege da Idi-Araba mun mayar da alayyahu cimar kullum, har da wanda ke tsirowa da kansa. Haka ne, kuma zama da Yarbawa ne ya jawo. A gida ganyen rakiya yake yi wa kabewa a miyar taushe, ko a watsa shi a fate. A nan shi ne miyar ɗungurungum, wadda suke kira efo riro.

In ka shiga kasuwar Mile 12, ka ce tete kake so, sunan alayyahu ke nan da Yarbanci. Akwai shoko mai kama da shi, amma wani ganye ne daban.

Ɗauri uku manya sun ishi mutum huɗu. A gyara, a wanke sau uku a ruwa mai yawa, ana tsamo ganyen daga sama don yashi ya kwanta a ƙasa. A yanka, a zuba masa tafasasshen ruwa, minti ɗaya kacal, a tsame a matse sosai. Nan ne sababbin zuwa ke tuntuɓe: in ba a matse ba, ganyen zai saki ruwa, miya ta tsinke, manja ya taso sama shi kaɗai. Sai a soya albasa a ludayi ɗaya na manja, a zuba jajjagen tattasai huɗu da attarugu biyu har ruwansu ya ƙone, a sa ganda da busasshen kifi da daddawa. Yarbawa iru suke sawa, ƙwayar kalwa da ba a daka ba, amma daddawarmu ta gida ta fi ƙarfi, don haka a rage hannu. Ganyen ne ƙarshe, minti uku zuwa biyar, tukunya a buɗe. Kanwa kuwa kada ta shiga. Tana riƙe koren launi amma tana lalata sinadarin bitamin C.

Wanda ke tsirowa da kansa, zaki banza da zarangade mai ƙaya, duk ana ci, ana tsinkar ɗanyen toho. Sai dai a Legas wurin tsinka ne abin dubawa. Alayyahu na zuƙar dalma da makamantanta daga ƙasar bola da bakin kwata, kuma wanki ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga ganye.

Laimar garin nan ma ba irin ta Kano ba ce. Ganyen da ya kwana ɗaure a leda zai waye gari ya fara ruɓa, shi ya sa muke sayen na ranar kawai.