Kwana a bayan jif: a bar inji a kunne ko a kashe?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Highlander. Ni da ƙanena muna shirin fita yawon buɗe ido a watan Disamba, mu fara da Yankari, daga nan mu haura tsaunin Mambila. Kuɗin masauki ya yi mana yawa, shi ne muka ce mu kwantar da kujerun baya mu riƙa kwana a cikin motar. Ƙanen nawa ya ce mu ɗage gilasai mu bar inji da na'urar sanyaya mota a kunne saboda sauro. Shin akwai matsala? Kuma me ya kamata mu tanada?

Mai karatu daga Gombe

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kwana a bayan jif abu ne mai yiwuwa, har ma ya fi tanti ta wasu fuskoki, don ba ruwanka da kunama, ba ruwanka da raɓa. Amma shawarar ƙanenka a ajiye ta gefe. Kada ku kuskura ku yi barci inji yana aiki, ko da na sa'a ɗaya ne.

Ga dalili. Duk injin da ke ƙona fetur yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ita ce dai wadda ke hallaka mutane idan suka kwana da janareta a cikin gida ko a bakin taga. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Idan ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin, ninki sama da 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke rayuwa da shi. Wanda yake farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, wataƙila ya buɗe ƙofa ya fita. Mai barci kuwa barcin ne kawai zai ƙara nauyi.

Za ka ce ai kullum muna tafiya da gilasai a rufe, ba abin da ya same mu. Gaskiya ne, amma mota mai tafiya tana barin hayaƙinta a baya. Wadda ke tsaye wuri ɗaya, musamman da dare da iska ta kwanta, hayaƙin taruwa yake a ƙarƙashinta, ya nemi kafa. Kafofin kuwa suna da yawa a motocinmu da akasarinsu tokumbo ne: salansar da ta fashe aka yi mata walda, tsatsar da ta huda ƙasan mota, robar ƙofar but da ta saki. A jif abin ya fi muni, domin babu bango tsakanin but da wurin zama, kuma bakin salansar yana daf da inda za ku shimfiɗa katifa. Ƙari a kan haka, motoci da dama an cire musu abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, mai motar ma bai sani ba. Motar da babu shi gubar da take fitarwa ta ninka. Na'urar sanyaya mota kuma sanyi kawai take bayarwa, ba ta tace wannan iska. Balle ma asarar mai: inji a tsaye yana iya shan kusan lita ɗaya a sa'a, ka lissafa zuwa asuba.

Hukuncin ɗaya ne ga kaskon wuta, risho da ƙaramin murhun gas. A Mambila sanyi zai sa zuciya ta raya muku ku shigo da garwashi ku ɗumama motar. Kada ku yi. Gawayi a rufaffen wuri shi ma wannan guba yake fitarwa. Girki da shayi a waje, nesa da motar.

To yaya za a yi da sauro? A sauke gilasai biyu masu kallon juna, kowanne kamar faɗin yatsu biyu ko uku, a rufe kafar da yankin gidan sauro. Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe ƙofar baya, ka lulluɓa ragar a saman firam ɗin gilashin ta rufe ciki da waje, sannan ka rufe ƙofar ta danne ta. Wasu suna manna ta da ƙananan maganaɗisu. In za ku fesa magani, ku fesa da magariba, ku rufe motar na ɗan lokaci, ku buɗe ta sha iska kafin ku shiga. Maganin sauro na kunnawa ba na cikin mota ba ne. Ga hayaƙi, ga soso da bargo kusa da wuta.

Wannan 'yar kafar gilashi tana da wani amfanin. Numfashin mutum biyu na dare guda yana ɗauke da danshi mai yawa. In motar a rufe take ruf, za ku tashi ku tarar gilasai na zubar da ruwa, bargo ya yi laima, sanyin asuba ya shige ku fiye da kima.

Batun shimfiɗa, ka ɗauki tef ɗin awo tun kana gida. Kwantar da kujerun baya, tura na gaba iyakar inda suke zuwa, ka auna daga ƙofar but zuwa bayan kujerar direba, sannan ka auna faɗin da ke tsakanin tudun tayoyin baya, don nan ne wurin ya fi tsukewa. Katifar 'yan makarantar kwana mai ƙafa 6 a tsawo ita ce ta fi dacewa, in ta yi faɗi a yanke sosonta. Za ka ga rami ya rage tsakanin kujerun da aka kwantar da na gaba; ku cusa jakunkunanku a ciki su tallafi filo. Kujerun kuma ba kasafai suke kwanciya sumul ba, sai an cike gangaren da tabarma ko bargo a ninke. Ni dai ban cika son katifar da ake hura wa iska ba a lokacin hunturu, saboda iskar cikinta tana yin sanyi ta riƙa zuƙe ɗumin jiki ta ƙasa. Kuma in kai da ƙanen naka ƙarfafa ne, ku gwada kwana ɗaya a ƙofar gida tukuna. Abin da ido ya gani da faɗi da rana, kafaɗa ce za ta ba da labarinsa da dare.

Ku nemi wuri shimfiɗaɗɗe. In akwai ɗan gangare, kai ya kasance a sama, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya. Kada a tsaya a kan busasshiyar ciyawa mai tsawo, don zafin salansa yana iya tayar da gobara, kuma Disamba lokacinta ne. A juya gaban motar ya kalli hanyar fita, kujerar direba babu kaya a kanta, makulli a wuri ɗaya da hannu zai kai ko a cikin duhu. Ku kulle da maɓallin ciki, ba da rimot ba, saboda wasu motocin in aka kulle su da rimot ƙararrawa tana tashi da an motsa, wasu ma ba sa buɗuwa ta ciki. A duba makullin yara na ƙofofin baya, wanda ke hana buɗe su ta ciki, a tabbatar a kashe yake, tunda ƙofar but yawanci ba ta da mariƙi ta ciki. Fitilun cikin mota da cajin waya kuma a bar su, a yi amfani da tocila da fawa banki. Batirin da ya mutu a daji ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Wuraren biyu da ka ambata ba halinsu ɗaya ba. Yankari gandun namun daji ne mai dokoki, ba a tsayawa a kwana inda aka ga dama. Tun a ƙofar shiga ka gaya wa ma'aikata niyyarku, ka bi abin da suka ce. A sansanin Wikki, inda maɓuɓɓugar nan mai ɗumin kusan digiri 31 take, gwaggon biri ya saba da mutane ƙwarai, ya san leda, ya san kular abinci. Kada ku bar but a buɗe ku juya baya, kuma kafar gilashin kada ta kai yadda hannu zai shiga. Mambila kuwa tudu ne da ya kai wajen mita 1,600, daren Nguroje da Gembu sai da bargo mai kauri, hular sanyi da safa. Jikin mota ƙarfe ne da gilashi, ba ya riƙe ɗumi. Gorar roba mai kauri da aka zuba wa ruwan ɗumi aka naɗe da tsumma, a ajiye wajen ƙafa, tana taimakawa sosai.

Sai tsaro, wanda a halin da ake ciki ba a wasa da shi. Kada ku kwana a gefen titi ko a dajin da ba ku san kowa ba, kuma ku daina tuƙi kafin rana ta faɗi, musamman a hawan Mambila da ke bayan garin Serti mai yawan kwana-kwana. In kun isa gari, ku gaida mai unguwa ko masu gadin wani masauki, ku nemi izinin ajiye mota a harabar da ke da mutane. Masaukai da dama za su iya barinku ku tsaya a cikin katanga ku yi amfani da banɗaki a kan ɗan abin da kuka daidaita. Kowane dare a sanar da gida inda kuke.

Kafin ku tashi, kai motar wurin mai salansa ya ɗaga ta ya duba tun daga inji har wutsiya, a canza robar but in ta mutu. In ka samu 'yar na'urar nan mai batir da ke ƙara idan ta ji kabon monoksaid, saye ta ka rataye kusa da inda kawunanku za su kasance. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.